Kariyar Gaba: Ƙaramin Ƙarfe, Babbar Amana

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya, daidai Gyadi-Gyadi, da misalin ƙarfe bakwai na safe a ranar aiki, zai ga abin da a shekarun baya kaɗan ba kasafai ake gani ba. A tsakanin adaidaita sahu da motocin haya da manyan motocin da ke shigowa gari, ga malaman makaranta nan bisa kekuna, wani ya nufi Unguwa Uku, wani ya karya ta Court Road, wani kuma zai ratsa Tarauni ya ɓulla Daurawa. A bayan keken akwai yaro sanye da kayan makaranta, ya rungume ƙugun mahaifinsa. A gaban keken kuwa baƙar leda ce rataye a hannun dama, wata a hannun hagu, cike da littattafan ɗalibai da aka raba dare ana dubawa. Ledar tana lilo, tana dukan gwiwa, wani lokaci har ta leƙa cikin wayoyin taya. Mun san wannan hoto sarai, domin mu ne a cikinsa.

A taron reshe da ya gabata, wasu daga cikin 'yan'uwa sun kawo shawarar cewa malaman da ke hawan keke a makarantun Gyadi-Gyadi da Tarauni da kewaye su haɗa kuɗi, a nemi ƙwararren mai walda ya ƙera musu kariyar gaba, wato ɗan dandamalin ƙarfe da ake kafawa bisa tayar gaba domin ɗora kaya, a yi ta da yawa a lokaci guda, kuma bisa awon kekunanmu. Shawarar ta sha dariya daga wani sashe na zauren, ta sha suka daga wani sashen, har lokaci ya ƙure ba a tsayar da magana ba. Tun da za a sake ɗauko batun a zama na gaba, mun ga ya dace mu bayyana matsayinmu tun yanzu. Muna goyon bayan shawarar. Amma goyon bayan namu yana tafe da sharuɗɗa, domin ranar da aka fara karɓar kuɗin malamai, amanar da ke tsakaninmu ce aka ɗora a sikeli.

Yadda muka koma kan keke

Babu wanda ya koma kan keke a cikinmu don nishaɗi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta tsallake naira 1,000. Tun daga watan Janairu na 2013, lokacin da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, adaidaita sahu ce ƙafar talaka. Saboda haka duk ƙarin da aka yi a gidan mai sai ya sauka kai tsaye a aljihun malamin da ke hawa biyu kafin ya isa makaranta, ya sake hawa biyu kafin ya dawo gida. Masu babur a cikinmu da dama sun jingine shi a zaure, ba ya fitowa sai ranar da ta kama dole. An ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa naira 70,000 a watan Yuli na 2024, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta amince da naira 71,000 a watan Oktoba na shekarar. Mun yaba, amma duk mai zuwa cefane ya san cewa tsadar kasuwa ta riga ƙarin isa gida.

A irin wannan hali, keke ya dawo da darajarsa. Allah ya yi Kano shimfiɗaɗɗiya. Tudun da mai keke zai yi fama da shi a yankinmu bai wuce hawan gada ba. Daga Darmanawa zuwa Tarauni, ko daga Unguwar Gano zuwa Babban Giji, tafiya ce da keke ke cinyewa cikin ɗan lokaci, sau da yawa ma ya riga mota idan cunkoson safe ya kama titin Zariya ko titin Maiduguri. Ba ya shan mai, gyaransa bai fi ƙarfin mai faci na bakin layi ba, kuma yana gyara jiki. Nakasarsa ɗaya ce a wurin malami: ba a shirya shi domin irin kayanmu ba.

Mu ɗan yi lissafi. A ce kowane littafin rubutu nauyinsa giram 100 ne. Malamin da ke da ɗalibai 80 a aji, in ya kwashi aikinsu zai duba a gida, kilo 8 ya ɗauka, ban da rajista da littafin tsara darasi da gorar ruwa. In lokacin jarrabawa ne, ga takardun amsa. A hanyar dawowa kuma uwargida ta yi saƙon kayan miya daga kasuwar Tarauni. Kariyar baya, wadda ita ce kekunanmu suka zo da ita, yaro ya riga ya gaje ta. In ma babu yaro, kayan da ke bayanka ba ka ganin lokacin da igiyar roba ta kwance, sai dai wani mai kirki ya ƙwala maka kira bayan iska ta watsa takardun ɗalibai a tsakiyar titi. Jakar goyo kuwa, wanda ya goya ta a zafin watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ya san yadda rigarsa ke kasancewa kafin ya tsaya gaban aji. Abin da ya rage shi ne rataya leda a kan keke, kuma wannan shi ne mafi haɗari duka. Leda mai nauyi tana fizgar kan keke zuwa ɓangarenta, in kuwa ta shiga taya ana cikin gudu, keken zai tsaya cak, mahayin ya wuce ta sama. A kan titin da tirela ke bi, irin wannan faɗuwa ba a cika tashi daga gare ta ba.

Dalilin ƙerawa bisa awo

Ɗora kaya a gaban keke ba baƙon abu ba ne. A birnin Paris na ƙasar Faransa, a tsakiyar ƙarni na 20, masu rarraba jaridu kan ɗora manyan ɗaure bisa faffadar kariyar gaba su ratsa cunkoso, har gasar tsere suke yi duk shekara da kayansu a kai. A da, ma'aikatan gidan waya a Ingila sun daɗe suna raba wasiƙu da keke mai faranti a gaba, haka ma masu burodi da mahauta a ƙasar Holan. A nan gida, masu sayar da askirim da yogot da ke zagaya ƙofofin makarantunmu, akwatinsu a gaba yake. Hikimar ɗaya ce: kayan da ke gaban idonka kana iko da su, kuma nauyi ya rabu tsakanin tayoyi biyu maimakon ya taru a ta baya.

Za a ce ai akwai kwandon keke a kasuwa, me ya kawo mai walda? Kwandon da ake sayarwa na siririyar waya ne ko na roba, an yi shi domin 'yar jaka ko burodi guda, kuma yawanci a jikin kan keke yake rataye. Ɗora masa kilo 8 kullum, wata guda ya yi yawa ya lanƙwashe. Sa'annan kekunanmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai dogon keke na gargajiya mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, irin Phoenix da Hero da tsofaffin Raleigh da wasu suka gada. Akwai na gwanjo mai taya inci 26 da birkin waya. A cikin na gwanjon akwai mai sifirin a ƙafafun gaba, wanda ke lotsawa in an faɗa rami. Kariyar da ta zauna daidai a kan na farko, a kan na biyu za ta yi tsayi. Wadda aka ɗaure ba bisa ƙa'ida ba a kan mai sifirin, ko dai ta hana shi lotsawa ko ta karye. A kan mai birkin ƙarfe kuma, in ba a bar wa sandunan birki hanya ba, an gyara wurin kaya an ɓata birki.

Akwai kuma wani abu da muke so kowane mai sha'awar wannan aiki ya fahimta tun kafin ya ba da sisinsa. Kariyar gaba a wuri uku take kama keke: ƙafafu biyu da ke sauka zuwa tsakiyar taya, hagu da dama, da kuma ɗan hannu guda da ke riƙe ta ta sama, a inda ƙafafun gaban keke suka haɗu. Wannan ɗan hannu na sama shi ne ran kariyar. In ya tsinke ko notinsa ya kwance, kariyar za ta kifa gaba da kayanta ta ci taya ko ta doki ƙasa, sakamakon kuwa daidai yake da na ledar da muke gudu. Saboda haka ba aikin da za a miƙa wa kowane mai injin walda ba ne. Dole hannun ya kasance na ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da noti biyu, a kuma ƙara wani ɗauri na ko-ta-kwana zuwa kan keke. Kada a yarda a liƙa kariyar da walda a jikin keken kansa, domin zafin walda yana raunana siririn bututun ƙafar gaba, kuma abin da aka liƙa ba ya ciruwa ranar gyara. A yi ta da bututun ƙarfe maimakon rodin gini, domin rodi nauyi ne na banza. Faɗinta ya ishi rajista ta kwanta ba tare da ta lanƙwashe ba, ta tashi daga taya da kamar yatsa biyu, a goge kaifin gefunanta don kada su yagi riga, a bar wurin fitila, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin fentin sama, tun da ruwan watan Agusta ba ya ragawa ƙarfe. Mu kuma masu hawa mu yarda cewa kilo 10 ne iyaka. Nauyi a gaba yana sauya yadda keke ke juyawa, sai an yi kwana biyu hannu ya saba. Kariyar gaba ta littattafai ce da cefane. Buhun masara da yaro ba wurinsu ba ne.

Ribar haɗa hannu

Malami ɗaya zai iya tura kekensa wurin mai walda ya ce a yi masa. Zai biya kuɗin tunanin da mai waldan zai yi, da awon da zai ɗauka, da kuskuren farko da dole a yi, da guntun ƙarfen da zai rage ba amfani, da man janareta in babu wuta. In kuwa mutum 50 ko 100 suka zo tare, tunani sau ɗaya za a yi, ma'auni sau ɗaya za a kafa ga kowane irin keke, sauran aiki yanka ne da liƙi. Bututun ƙarfe dogo ake sayar da shi, mai kusan mita 6; wanda zai yi kariya ɗaya dole ya sayi guntu da tsada ko ya sayi dogo ya yi asarar saura, amma mai yin da yawa zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya yi sari, ya tsara yankansa yadda ba abin da zai zube. Fenti galan guda ya fi ƙananan gwangwanaye goma araha. Kuɗin ɗauko kaya ma sau ɗaya ne. Wannan ita ce ribar kuɗi, kuma kowa yana iya ganinta.

Akwai riba ta biyu da ta fi wannan. Mutum ɗaya ba shi da bakin da zai ce wa mai sana'a a sake aiki. In ya ga aibi, sai ya haɗiye ya tafi. Jama'a kuwa suna iya neman a yi samfuri, a gwada shi, a gyara, kafin a taɓa kuɗinsu. A cikin membobinmu akwai malaman da suka karanci aikin ƙarfe da zanen fasaha, waɗanda da ido kawai za su bambance walda mai kyau da wadda aka ɗiga aka rufe da fenti. Iliminsu yana nan a zaune, ba wanda ya taɓa neman sa domin amfanin 'yan'uwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana, kuma mu Hausawa ba yau muka san haka ba. Gayya a gona da adashi a cikin gida duk wannan hikima ce. A wata ƙasar ma daga ƙaramin abu aka faro. A shekarar 1844, a garin Rochdale na Ingila, ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, suka tara fam guda-guda suka buɗe ɗan kanti mai sayar da fulawa da sukari da man shanu da kyandir. Daga wannan ɗan kanti ƙungiyoyin gama kai na zamani suka samo ƙa'idojinsu, har abin ya iso Nijeriya aka yi masa doka a 1935. Abin da ya raya kantin nasu shi ne ciniki hannu da hannu, da murya ɗaya ga kowane memba, da lissafin da kowa ke da ikon gani.

Ga 'yan'uwanmu masu ja

Ba mu raina hujjojin waɗanda suka soki shawarar ba, domin a cikinsu akwai dattawan da suka fi mu daɗewa a wannan gwagwarmaya. Hujjarsu ta farko ita ce, ƙungiyar da aka kafa tun 1931 domin kare martabar malami bai kamata ta ɓata lokaci a kan ƙarfen keke ba, alhali ga batun ƙarin girma da ariyas, ga cunkoson azuzuwa, ga haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Suna kuma tsoron kada hukuma ta ga mun gyara kekunanmu ta ce ashe sun saba, ba sa bukatar alawus na sufuri. Wannan tsoro yana da tushe, amma muna ganin an juya lissafin. Neman haƙƙi tafiya ce mai tsawo, malamin da zai yi ta kuwa sai ya isa gida lafiya yau. Babu buƙata ko ɗaya da za mu janye daga teburin tattaunawa saboda mun ƙera kariya. Hasali ma, reshen da ya iya tara mutum 100 ya karɓi kuɗinsu ya sauke nauyi ba tare da ƙorafi ba, shi ne reshen da in ya kira taro zaure zai cika. Memba yana amsa kiran ƙungiyar da ya ga amfaninta a ƙofar gidansa.

Hujja ta biyu ta martaba ce: wai malami a kan keke da kwando a gaba ya zama abin dariyar ɗalibansa. Muna tunatar da 'yan'uwa cewa akwai zamanin da malamin makaranta da kekensa Raleigh shi ne abin kallo a gari, har kamfanin ya ga kasuwa ya kafa masana'anta a nan Kano. Zamani ya juya, babur da mota suka karɓe girman, yanzu kuma ya sake juyowa. Ɗalibi ba ya raina malamin da ya riga shi zuwa makaranta, ya dawo masa da littafinsa a dube, ba yagewa ba taɓo. Wanda ɗalibi ke rainawa shi ne mai zuwa bayan an gama darasin farko yana ba da uzurin rashin abin hawa.

Hujja ta uku daga 'yan'uwanmu malamai mata ta fito, kuma ita ce ta fi ƙarfi. Sun ce su ma ana cire musu kuɗin ƙungiya duk wata, su ma tsadar adaidaita sahu tana cin albashinsu, amma a al'adar garin nan ba sa hawan keke. To, da wane dalili za a ɗauki abin kowa a yi wa wasu hidima? Gaskiya suka faɗa. Saboda haka muna cewa kada a taɓa ko kwabo daga asusun reshe a wannan aiki. Wanda ke so shi zai biya, reshe inuwa kawai zai bayar da sa ido. Ƙofa kuma a buɗe take ga duk malamar da ke son yi wa keken ɗanta ko na maigidanta, tun da a gidaje da yawa keken yaro ne ke zuwa cefane da kai niƙa. Muna kuma kira da a sa malamai mata a cikin kwamitin, musamman wajen riƙon lissafi, domin wadda ta riƙe adashin makaranta shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ba ta bukatar a koya mata amana. In wannan tsari ya yi kyau, sayayya ta gaba su za su zaɓi abin da za a saya.

Hujja ta huɗu ba a faɗe ta da ƙarfi a zauren ba, amma ita ce a zuciyar kowa. Kusan babu malamin da bai taɓa ji ko ya ɗanɗani labarin wani tsari na haɗa kuɗi ba, na shinkafar azumi ne, ko na fili, ko na babur, wanda aka fara da kabbara aka ƙare da Allah ya isa. An yi ta cire kuɗi daga albashi, kaya ba su zo ba, ko suka zo ba irin waɗanda aka nuna ba, wanda ya karɓi kuɗin kuma ya daina ɗaga waya. Ba mu kama sunan kowa ba, kuma ba wannan ne wurinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, ba kuwa za mu ga laifinsa ba. Maganin wannan tsoro shi ne a tsara aikin yadda ko da wani ya so cin amana ba zai sami ƙofa ba.

Sharuɗɗan da muke kira a gindaya

Da farko, awo kafin kuɗi. A sa ranar Asabar guda, duk mai so ya kawo kekensa harabar makaranta ɗaya a Gyadi-Gyadi ko ɗaya a Tarauni, a duba girman taya da irin birki da irin ƙafafun gaba, a rubuta. Daga nan za a san iri nawa za a ƙera da adadin kowanne. Keken da aka ga ƙafarsa ta gaba ta tsage ko ta karkace, a gaya wa mai shi gaskiya ya fara gyarawa. Masu sifirin a gaba kuma a ware su, in ba a sami tsarin da ya dace da su ba a ba su haƙuri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, a nemi masu walda uku daga cikin yankinmu, kowanne ya yi samfuri a biya shi kuɗin samfurinsa. Kada ɗaya daga cikinsu ya kasance ɗan'uwa ko suruki ga ɗan kwamiti, in kuwa akwai dangantaka a faɗe ta a fili kafin a fara. A ɗaura samfuran a kekunan malamai masu nisan hanya, su yi mako biyu suna hawa da cikakken kaya, a kan kwalta da cikin lungu mai ramuka. Bayan haka a kawo su gaban taro, malaman aikin ƙarfe su duba, masu hawa su faɗi abin da suka ji a hannunsu, a zaɓa da ƙuri'a. Gani ya kori ji. Kada kuma araha kaɗai ta yanke hukunci, domin araha ba ta ado, kuma mai waldan nan shi ma ma'aikaci ne mai iyali, wataƙila ma 'ya'yansa suna gabanmu a aji. Ƙungiyar ma'aikata da ta matse mai sana'a har ya rasa ribarsa ta tura shi ya rage kaurin ƙarfe, ta kuma ci amanar abin da take ikirari.

Na uku, kuɗi ba zai shiga aljihu ko asusun mutum ɗaya ba. A yi amfani da asusun da sai mutum uku sun sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kowane mai biya a ba shi rasiti mai lamba, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka biya a ofishin reshe. Kada a cire daga albashi. Wanda ba zai iya biya a lokaci ɗaya ba a raba masa biyu, ƙarshen wata da ƙarshen wata. Babu la'ada ga kowa. In mai walda ya yi ragi ko ya ƙara kyauta, na masu saye ne baki ɗaya.

Na huɗu, a rubuta yarjejeniya da mai waldan, da shaidu. A ambaci kaurin ƙarfe da irin fenti da ranar kammalawa, a ajiye samfurin da aka zaɓa a ofis ya zama abin gwada sauran. Farashin ƙarfe ba ya kwana wuri ɗaya a kwanakin nan, don haka kuɗin kafin alƙalami ya tafi kai tsaye wajen sayen kayan aiki gaba ɗaya a mako guda, ɗan kwamiti yana tsaye. Wannan ya wajabta a sa ranar rufe rajista, kuma in ta zo a rufe, ko wane ne ya makara. A riƙa karɓar aiki kashi-kashi, ana biya gwargwadon abin da aka karɓa, a riƙe kashi ɗaya cikin goma na kuɗin har sai an yi wata guda ana hawa. Wanda ya fasa kafin a sayi ƙarfe a mayar masa da kuɗinsa cif; wanda ya fasa bayan haka ya karɓi kariyarsa ya sayar da kansa.

Na biyar, ɗaurawa ma aiki ne. A ɗauki mai gyaran keke da ya san hannunsa, a sa kuɗinsa cikin farashi tun farko, ya ɗaura wa kowa a rana ɗaya, a kuma dawo bayan mako biyu a sake ɗaure notuna, domin sabon ɗauri yakan saki. A liƙa wa kowace kariya ɗan tef mai ƙyalli saboda masu fita da duhun asuba da lokacin hazon hunturu.

Na ƙarshe, idan an kammala, a buga lissafin gaba ɗaya a wannan mujalla: nawa aka tara, nawa ƙarfe ya ci, nawa fenti, nawa ladan aiki, nawa ya rage kuma ina ya tafi. Mun ɗauki alkawarin ba da shafi guda domin haka, kuma in lissafin bai zo ba, za mu bar shafin fari da kanunsa a sama, kowa ya gani.

Wani zai ce wannan dogon tsari ya fi ƙarfin ɗan abin da za a saya. Muna ganin ƙanƙantar abin ita ce dalilin da ya sa ya kamata a fara da shi. In aka yi kuskure, asarar ba za ta karya gidan kowa ba. In aka dace, mun sami tafarkin da gobe za a bi a sayi taya da tif, ko littattafan 'ya'yanmu kafin komawa hutu, ko hatsi a lokacin kaka kafin ya yi tsada. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Malaman da suka daina zuwa taro saboda abin da ya same su a baya suna kallo daga nesa, kuma da wannan ɗan aiki za su auna ko reshen nan ya cancanci su sake miƙa masa hannu.

Saboda haka muna kira ga kowane memba, mai keke da marar keke, mace da namiji, ya halarci zama na gaba. Masu goyon baya su zo da shirin karɓar sharuɗɗa, masu ja su zo da tambayoyinsu masu zafi, domin su ne za su toshe ramukan da mu ba mu hango ba. Iyalanmu da ke karanta wannan shafi kuma, ku da kuke tsayawa a ƙofar gida in magariba ta yi malam bai dawo ba, ku tuna masa ranar taron. Kafin nan, muna roƙon duk mai rataya leda a kan keke ya sauke ta tun gobe, ya ɗaure kayansa a baya ko ya rage su, ko da zai kai ga duba littattafan rabin aji yau, rabi gobe.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya ba mu ikon riƙe amanar juna.